Laifin Tsutsar Masara, Hukunci a Kan Malam-Buɗe-Littafi

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, labarin tsutsar masara yakan dawo gidajen rediyo, masu sayar da maganin feshi kuma su baje kolinsu a kasuwannin Gusau, Tsafe da Bunguɗu. Tsoron yana da dalili. Tun da aka fara ganin wannan tsutsa a kudu maso yammacin Nijeriya a farkon 2016, bayan ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, manoma ba su huta ba. Amma an cakuɗa lamarin, har yanzu wasu na ɗaukar duk wani mai fiffike da ya sauka a gona uwar tsutsa ne.

Uwar tsutsar masara ƙwaron dare ce, toka-toka, daga dangin faɗa-wuta masu kewaya fitila. Malam-buɗe-littafi kuwa da rana yake yawo. Mai ruwan goro da baƙin baki da ake gani a kan hanyar Rawayya, a kan tumfafiya yake ƙwai, tsutsarsa ta ci ganyen, ta ajiye dafin ƙaron a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale shi. Fararen nan masu ɗan kore da ke cincirindo a bakin taɓo bayan ruwan fari, 'ya'yansu a kan rai-ɗore da danginsa suke girma. Akwai dai babba guda, baƙi mai ɗigon rawaya, da tsutsarsa ke cin ganyen lemo. Shi ma ba ruwansa da masara.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake mance dajin da waɗannan halittu ke rayuwa a cikinsa. Mutanen birni na ɗauka rani da bazara lokacin mutuwar daji ne, alhali a lokacin ne itatuwan ƙasar Hausa ke fure. Kaɗanya takan fara tun cikin hunturu, ƙudan zuma su yi ta kai-komo. Ɗorawa ta biyo da tutunta ja yana reto, jemagu su sha da dare. Kurya tana zubar da jajayen furanni ba ganye ko ɗaya a jikinta. Idan zafi ya kai maƙura, marga sai ta sako furanni kamar an rataya mata zinariya. A ƙasa kuma, inda wutar daji ta bi ta bar toka, nan rawaya ke fitar da furenta dab da turɓaya, tsiron da kakanni suka riƙa tono saiwarsa suna rini, har launin ya ɗauki sunansa. Yaro nawa ne a makarantun Bunguɗu ya san cewa rawayar da yake faɗa a aji tsiro ce da ke bayan garinsu? Ruwan fari na sauka, albasar kwaɗi ta karɓa da fararen furanni a fadamu.

Wannan sani ba sabo ba ne. Wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, da ya yi aiki a Arewa a farkon ƙarni na 20, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Daga bakin manoma, makiyaya da masu magani ya ji su. Yau fiye da shekara 100 ke nan, jikokin waɗanda suka koya masa na neman rasa sunayen.

Masana na waje kuwa ba su daina zuwa ba. Torben Larsen ya tattara nau'in malam-buɗe-littafi kusan 1,500 a littafinsa na Afirka ta Yamma na 2005. Gerard Talavera da Roger Vila sun nuna a 2016 cewa wani nau'i yana tasowa daga Turai, ya ƙetare Sahara, ya yi ƙwai a yankin Sahel a ƙarshen damina. Ashe ciyawar gefen gonar da ake wa feshi masauki ce ga baƙon da ya yi tafiyar dubban kilomita.

Gaskiya ce rashin tsaro ya hana mutane shiga daji, kuma wanda ke tsoron zuwa gonarsa ba za a ce ya je kallon fure ba. Sai dai buhunan gawayi ba su daina fitowa daga dajin ba, kuma cikinsu akwai kirya da kaɗanya. Masu rabon dashe kuma darbejiya da turare suke ta kawowa, kamar ƙasar ba ta da itatuwanta.

Jami'ar Tarayya ta Gusau na nan tun 2013, Dutsen Kwatarkwashi kuma yana kusa da ita, a bakin titi. Babu abin da zai hana ɗalibanta su zauna da dattawan garin, su rubuta abin da ke fure a gindin dutsen wata bayan wata, da sunansa na Hausa. Malaman gona su ma aikinsu ne su nuna wa manomi ƙwan tsutsar masara a bayan ganye, da kashinta a cikin kunnen shuka, kafin ya goya tankin feshi.