Cutar Mai Kwanan Titi Ba Ta Tsayawa a Ƙarƙashin Gada

Ranar 1 ga Satumba, 2017, hukumomin gundumar San Diego da ke jihar Kalifoniya a Amurka suka kafa dokar ta-ɓaci kan lafiya. Ciwon hanta nau'in A ne ya ɓarke, kuma kafin a shawo kansa sai da ya kama mutum 592, ya kashe 20. Akasarin waɗanda suka kamu masu kwanan titi ne, mazauna tantuna da rumfunan leda a gefen hanya da bakin kogi, sai kuma masu shaye-shaye. Ta bayan gida ciwon yake yaɗuwa: ƙwayar cutar ta hau hannu, hannu ya kai ta baki ko cikin abinci. Duk arzikin birnin, makewayi da ruwan wanke hannu ne suka gagari marasa ɗaki. Sai da aka fara rasa rayuka sannan aka kafa wuraren wanke hannu, aka ƙara bandakunan jama'a, aka riƙa wanke tituna da ruwan bilic. Babban makamin kuwa rigakafi ne. Ma'aikatan jinya suka saɓa jaka, suna bin mutanen tanti-tanti suna yi musu allura.

Wani zai ce, me ya hana su zuwa asibiti da ƙafarsu? Mai kwanan titi in ya bar shimfiɗarsa ya tafi bin layi, kafin ya dawo an yi gaba da ɗan abin da ya mallaka. Sau da yawa ba katin shaida, ba waya, ba adireshin da za a rubuta. In ma ya samu ganin likita, umarnin da za a ba shi na mai gida ne. A sha magani sau uku bayan cin abinci, alhali sau ɗaya yake ci. A wanke ciwo da ruwa mai tsabta safe da yamma. A ajiye allurar insulin a wuri mai sanyi, a ɗaga ƙafa a huta. Ita ƙafar kuwa yini take cikin tafiya, ta kwana cikin takalmi don gudun ɓarawo, safa ta jiƙe ta bushe a jiki. Ɗan ƙaramin rauni sai ya rikiɗe ya zama gyambo, in da ciwon suga a jiki har ta kai ga yanke ƙafar.

Wannan ne ya sa a 1992 wani likita a birnin Pittsburgh, Dakta Jim Withers, ya fara fita da daddare cikin tsofaffin kaya, da jakar magani a baya. Wani da ya taɓa yin rayuwar titi shi ne jagoransa, domin baƙo ba ya faɗa wa irin wurin kai tsaye a saurare shi. Aikin ya zama shirin Operation Safety Net, daga baya birane da dama a duniya suka kwaikwaya. Ba wani abin al'ajabi waɗannan likitocin titi suke yi ba: wanke ciwo, auna jini, ba da safa, kai magani hannu da hannu, da komawa wurin mutum a kai a kai har ya yarda da su. Aiki ne babba, domin ƙidayar da gwamnatin Amurka ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 ta samu sama da mutum 770,000 marasa muhalli. A watan Yunin shekarar kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta amince wa birane su hukunta masu kwana a fili. Likitocin titi sun daɗe suna kuka da irin wannan kora, don in an zo tarwatsa sansani har magani ake zubawa a motar shara, marar lafiya ya ɓace wa mai duba shi.

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Akwai masu kwana ƙarƙashin gadojin Legas, akwai masu kwana a tashoshin mota da rumfunan kasuwa da kangaye a Kano da Kaduna da Abuja, cikinsu har da 'yan ci-rani da 'yan gudun hijira. Da safe su ne 'yan dako da 'yan garuwa, muna cuɗanya da su yini guda. Korarsu daga unguwa ba ta kashe ƙwayar cuta, unguwar gaba kawai take kai ta.

Saboda haka wanda ke kusa da su ya sa ido. Idon da ya koma ruwan ɗorawa tare da fitsari mai duhu alamar ciwon hanta ce, asibiti ake kaiwa, ba a tsaya jiƙe-jiƙe. Mai amai da gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a hanya: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ƙazuwa kuwa sai an yi wa duk masu kwana wuri ɗaya magani lokaci guda, a wanke tufafi da shimfiɗa, in ba haka ba dawowa take yi.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne tarin fuka, saboda ta iska yake bi, su kuwa a cushe suke kwana, musamman lokacin hunturu. Tarin da ya kai mako biyu, da gumin dare da rama, a je a gwada kaki. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, amma wata shida ake sha ba fashi. Da yawa kan daina bayan 'yan makonni da zarar sun ji sauƙi, kuma ta nan ake samun tarin da ba ya jin magani. Tsarin jinyar ya yarda a zaɓi amintaccen mutum ya riƙe maganin, marar lafiya ya haɗiya a gabansa kullum. Ga wanda ba shi da akwatin ajiya, mai shayin bakin tasha ko limamin masallacin kasuwa zai iya riƙe masa.