Maɓallin wasiƙa ya ƙi aiki? Ga inda matsalar take da yadda ake gyara ta

Duk ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Kwatano, Lome, Dubai ko Guangzhou ya san cewa a yau ciniki da kamfani ba ya kammaluwa sai da wasiƙar imel. Waya da WhatsApp suna da amfaninsu wajen gaisuwa da tayin farashi, amma takardar kuɗin kaya da shaidar biya ta banki, manyan kamfanoni da yawa ta imel suke son su. To sai dai akwai wata 'yar matsala da muke so mu jawo hankalin 'yan'uwa 'yan kasuwa a kanta, daga Maraɗi da Birnin Ƙonni har Gaya, Malanbil da Kuseri. Mutum zai buɗe shafin kamfani a intanet, ya latsa adireshin imel ɗinsu ko maɓallin aika saƙo, sai ya ga shiru, ko kuma wata baƙuwar manhaja ta buɗe tana tambayarsa abubuwan da bai san kansu ba.

Da yawa kan ɗauka layin intanet ne ya yanke, ko kwamfuta ce ta kamu da cuta. Ba haka ba ne. Burauza, wato manhajar da muke leƙa shafuka da ita kamar Chrome, Firefox ko Edge, ba ita ke aika wasiƙa ba. Adireshin da ke kan shafi yana ɗauke da wani umarni a ɓoye mai suna mailto. Idan an latsa shi, burauza kan miƙa aikin ga manhajar da aka naɗa a na'urar a matsayin mai kula da wasiƙu. Kamar dillali ne da ke kai mai saye wurin mai kaya: in ba a gaya masa rumfar da zai nufa ba, ko ya tsaya cak, ko ya kai ka rumfar da aka daɗe da rufewa.

Abin ya samo asali ne tun zamanin Windows XP, lokacin da kwamfuta ke zuwa da Outlook Express, kuma Internet Explorer na da maɓallin wasiƙa a samansa. Da Windows 7 ta fito a 2009, ba ta zo da manhajar wasiƙa ko ɗaya ba. Ita kuma manhajar Mail ta Windows 10 da 11, kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa gare ta a ƙarshen 2024, ya maye gurbinta da sabuwar Outlook. Ga shi kuma akasarinmu ta cikin burauza muke karanta Gmail ko Yahoo, abin da kwamfutar ba ta da labarinsa sai an gaya mata.

Gyaran ba ya cin ko dala ɗaya. Mai Windows 10 ya shiga Settings, ya zaɓi Apps, sannan Default apps. A ƙarƙashin Email sai ya latsa ya zaɓi manhajar da yake so. A kwamfutar da ke magana da Faransanci, kamar yadda aka fi samu a Nijar, Benin, Cadi da Kamaru, hanyar ita ce Paramètres, Applications, sannan Applications par défaut. A Windows 11 wurin ɗaya ne, sai dai za a rubuta MAILTO a akwatin bincike na sama, sannan a zaɓa. Mai tsohuwar Windows 7 kuwa ya nemi Default Programs a cikin Control Panel. Wanda ke son manhaja ta musamman ba tare da biyan kuɗi ba, akwai Thunderbird ta Mozilla.

Wanda kuma Gmail yake so ya riƙa buɗewa, akwai mataki a cikin burauzar kanta. A Chrome, a buɗe Gmail, a duba ƙarshen layin adireshi ta hannun dama, za a ga wata 'yar alama mai kama da lu'ulu'u biyu a haɗe. A latsa ta a ba da izini. In alamar ba ta fito ba, a rubuta chrome://settings/handlers a layin adireshi, a tabbatar an yarda shafuka su nemi wannan izini, sannan a sake buɗe Gmail. Bayan haka sai a koma saitin Windows a zaɓi Chrome ɗin a matsayin mai kula da wasiƙu, don adireshin da aka latsa a cikin takardar PDF ko Word shi ma ya bi hanya ɗaya. A Firefox, a shiga Settings, a gangara zuwa Applications, a nemi mailto, a zaɓa masa abin da zai riƙa buɗewa.

A wayar Android, idan akwai manhajar wasiƙa fiye da ɗaya, wayar kan tambaya ko sau ɗaya za a yi amfani da wadda aka zaɓa ko kullum. Wanda ya zaɓi kullum bisa kuskure, ya shiga saitin manhajar ya share zaɓin. Masu iPhone kuwa tun 2020, da fitowar iOS 14, suka samu damar sauya tasu.

Abin da ya fi damun mu shi ne kwamfutar haya ta shagon intanet. A can, maɓallin na iya buɗe manhajar da ke ɗauke da akwatin wani, wasiƙarka ta tafi da sunansa, amsar kamfani da farashinka da lambar asusun banki su faɗa hannun wanda ba ka sani ba. Ko kuma saƙon ya maƙale a manhajar da ba ta haɗe da akwatinka, kai kana nan kana jiran amsa, farashi na tashi, mota na lodi ba kayanka. Don haka a kwamfutar da ba taka ba, kada ka taɓa saitin kowa: latsa adireshin da maɓallin dama na linzami, ka kwafe shi, ka buɗe akwatinka da kanka ka manna, in ka gama ka fita daga akwatin kafin ka tashi.

Shawara ta ƙarshe, ko bayan an gyara, a riƙa karanta adireshin da ya fito a gurbin mai karɓa harafi bayan harafi, domin abin da aka rubuta a kan shafi na iya bambanta da wanda ke ɓoye a ƙarƙashinsa, kuma 'yan damfara sun san wannan sarai. A gwada aika wa kai wasiƙa ɗaya, a kuma leƙa jakar saƙonnin da aka aika a ga ta shiga. Masu iya magana dai sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.