Zaɓen Akori-kura Mai Jan Babbar Tirela: Lissafi Kafin Ciniki

Manyan manoma da ƙungiyoyin gama-kai a Yola da Jimeta sun fara ɗaura tirela a bayan akori-kura domin rage yawan sawu, ko wajen kwaso shinkafa daga fadamar Geriyo, ko kai taki gona, ko kai shanu kasuwar Ngurore. Dabarar tana rage kuɗin mai da na haya. Sai dai ba kowace akori-kura aka ƙera domin wannan aiki ba, kuma wurin zaɓe ne yawancin masu saye ke yin kuskure, domin ƙarfin inji kawai suke tambaya.

Abin da ya kamata manomi ya fara yi shi ne lissafin nauyi. A ɗauki misali: tirela mai aksul biyu wadda nauyinta ba kaya ya kai kilo 900. In aka ɗora mata buhun masara 25, kowanne kilo 100, jimilla ta zama kilo 3,400. To, Toyota Hilux mafi ƙarfi, mai injin dizal da ja da ƙafa huɗu, iyakar abin da kamfanin ya amince ta ja shi ne kilo 3,500, haka ma Land Cruiser 79. Waɗansu samfuran Hilux ɗin ba su kai haka ba. Saboda haka kada a dogara da sunan mota ko da maganar dillali. A duba littafinta da ɗan farantin da ke manne a jikinta, inda aka rubuta nauyin da aka yarje mata. Yana da kyau a bar rarar kashi ɗaya cikin biyar, domin ba a kan hanyar Yola zuwa Mubi aka auna waɗannan alƙaluma ba.

Wani abin da akan manta shi ne, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela a kan maƙalin bayan mota yake sauka. A misalinmu, kilo 340 ke nan ya riga ya hau motar kafin direba da 'yan dako su shiga. Motar da aka yarje wa ɗaukar kimanin tan ɗaya, in aka cika bodinta da buhuna kuma aka ɗaura mata wannan tirela, bayanta zai durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya daina jin magana.

Ja ba shi ne wahala ba, tsayawa ita ce. Tirelar da ba ta da birkin kanta, bai kamata nauyinta da kaya ya wuce kilo 750 ba, komai girman motar. Yawancin tirelolin da masu walda ke haɗawa a gari ba su da birki. Irin wannan, in ta ɗauki tan uku aka taka birki a gangara ko a cunkoson bakin gadar Jimeta, ita ce za ta tura motar. Manomi ya nace a sa mata birki, da fitilun baya, da sarƙar tsaro. Maƙalin kuma a ɗaure shi da kusoshi a jikin shasi, ba a liƙa shi da walda a bamba ba.

Sai batun zafi. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola kan haura digiri 40, lokacin da ake jigilar amfanin rani. Injin da ke jan kaya a wannan yanayi yana bukatar lagireto mai lafiya, kuma in giyar mai sauya kanta ce, a tabbatar tana da abin sanyaya man giya. Dizal ya fi fetur ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wanda shi ake bukata a baƙar lakar wajen Numan da damina.

Mai sayen ta hannu ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, a leƙa ƙarƙashi a duba ko shasi ya taɓa tsagewa an yi masa walda, a ƙirga ganyen sifirin, a gwada kuloci a hawa. Kafin a biya kuɗi, a zagaya shagunan kayan gyara a Jimeta a tambayi farashin kuloci da takalmin birki na wannan samfuri. Motar da sai an aika Kano ko Legas kafin a sami kayanta, tana iya kwana biyu a gareji ana tsakiyar kaka.