Bashin Gwamnati, Rumfar Ɗan Kasuwa: Me Ya Tsayar da Ginin Babbar Kasuwar Kumasi?

A watan Mayun 2019 ne shugaba Nana Akufo-Addo da Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, suka ƙaddamar da kashi na biyu na ginin babbar kasuwar Kumasi, kusa da Kejetia. Kamfanin Contracta ne ya karɓi aikin, kuɗinsa Yuro miliyan 248, kuma rance ne daga waje. Aka tashi dubban 'yan kasuwa daga rumfunansu, aka ce su koma Racecourse da wasu wurare kafin a gama. Cikinsu akwai 'yan uwanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango.

Sai ga 2022. Sidi ya faɗi ƙasa warwas: dalar da ake canzawa sidi shida a farkon shekara ta doshi sha biyar a Nuwamba. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Ranar 19 ga wannan watan gwamnati ta dakatar da biyan yawancin basussukanta na waje, masu ba da rance suka riƙe hannu, aikin kasuwa ya tsaya cak. A Mayun 2023 Asusun Lamuni na Duniya, IMF, ya amince da rancen dala biliyan uku, bisa sharaɗin a tsuke bakin aljihu.

To, a nan ne gardamar take. Sau da yawa za ka ji ana cewa gwamnati kamar magidanci ce, in bashi ya yi yawa sai a rage cefane. Maganar tana da daɗin ji, amma ɗan kasuwa ya san inda ta karye. Magidanci in ya rage cefane, abin da yake samu ba ya raguwa. Gwamnati kuwa in ta daina biyan ɗan kwangila, birkila da lebura sun zauna. Mai waake da ke sayar musu da abinci ta rage tukunya. Mai kawo mata wake da shinkafa daga Arewa ya rage buhu. Harajin da ake karɓa a hannunsu duka ya ragu. Abin da masanin tattalin arziki na Ingila, John Maynard Keynes, ya bayyana ke nan tun 1936: abin da wani ya kashe shi ne cinikin wani. Ginin da aka bari rabi ba ya kawo kuɗin haya ko kwabo, amma bashinsa na nan.

Ba wai bashin ƙarya ba ne. Kafin rikicin, kuɗin ruwa kaɗai na cinye kusan rabin abin da gwamnati ke tarawa, kuma hakan ba ya ɗorewa. Tambayar ita ce, wa zai ɗauki nauyin gyaran?

Amsar farko da aka bayar ita ce E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, kashi 1.5 daga Mayun 2022, aka rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023. Wa ke rayuwa da MoMo? Mai albasa da ke biyan direba, mai goro da ke aika wa iyali kuɗin makaranta. Haraji ne a kan jarin da ke juyawa, ba a kan riba ba, ko ka ci ko ka faɗi sai an cire. Mutane da yawa suka koma riƙe tsabar kuɗi, ga haɗarin hanya, kuma abin da aka tara a shekarar farko bai kai ko rabin hasashen gwamnati ba. A Afrilun 2025 shugaba John Mahama ya sa hannu aka soke shi.

A ganina, kafin a sake leƙa wayar talaka, sai a fara duba rangwamen harajin da ake yi wa manyan kamfanoni, da harajin manyan gidaje da ba a karɓa yadda ya kamata. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Zango kuma su nemi ɗan majalisarsu da hukumar KMA su nuna musu a rubuce: nawa aka ware wa kasuwar a kasafin bana, nawa aka saki, kuma sunan wa ke kan jerin waɗanda za a mayar wa rumfa.