Jin Ra'ayin Talakawa a Kan Makomar Ƙasa: Ƙuri'ar Arewacin Kamaru ta 1959 da 1961

1.0 Gabatarwa

Idan Turawan mulki da shugabannin jama'a suka shirya makomar wata ƙasa a teburin shawara, tambayar da kan biyo baya ita ce, ta yaya za a tabbatar talakawa sun amince? Akan aika tawaga ta saurari bakin jama'a, ko kuma a kafa akwatin ƙuri'a. A Arewacin Kamaru an gwada hanyoyin biyu, amsarsu kuwa ta sha bamban.

2.0 Bakin Manya da Akwatin Ƙuri'a

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an raba Kamarun Jamus tsakanin Faransa da Ingila. Ingila ta riƙe arewacin rabonta amana, tana gudanar da shi a cikin Jihar Arewa, ƙarƙashin lardunan Borno da Adamawa da Binuwai. Da taron Landan na 1958 ya tsayar da 1 ga Oktoba, 1960 a matsayin ranar mulkin kan Nijeriya, sai Majalisar Ɗinkin Duniya ta aiko da tawaga a wannan shekara. Tawagar ta gana da sarakuna da 'yan majalisa da shugabannin jam'iyyu, ta koma da rahoton cewa mutane na son zama da Jihar Arewa, har ma ba a bukatar ƙuri'a.

Babban zauren Majalisar bai gamsu ba. A ranar 7 ga Nuwamba, 1959 maza suka jefa ƙuri'ar raba gardama. Mutum 42,788 suka zaɓi zama da Jihar Arewa, fiye da 70,000 suka ce a jinkirta maganar.

Ashe manyan da tawagar ta saurara su ne waɗanda ake kuka da su. Ƙabilu da dama, musamman mazauna kan duwatsu, sun daɗe suna ƙorafi da mulkin En'e ta Adamawa da ta Dikwa da hakiman da ake turo musu, kuma ba a zauren hakimi talaka zai faɗi haka ba. Jam'iyyun adawa suka ɗora kamfe a kan wannan ƙorafi. Galibin masu nazari na ganin En'e aka ƙi, ba Nijeriya ba.

3.0 Zagaye na Biyu

Aka yi gyara cikin gaggawa. Aka ƙirƙiro sababbin En'e-En'e, aka raba mulkin yankin da na Nijeriya daga Oktoba 1960, Firimiya Sir Ahmadu Bello kuma ya yi alkawarin ba su lardinsu na kansu. A Fabrairu 1961 aka sake ƙuri'a, wannan karo har da mata. Sai dai tambayar ma ta sauya, domin an cire zaɓin jinkiri, ya rage ko Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Nijeriya ta sami ƙuri'a 146,296, Kamaru 97,659.

A ranar 1 ga Yuni, 1961 yankin ya shiga Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna mai hedikwata a Mubi. Gwamnatin Kamaru ta kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, amma a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar.