Magani a Waje, Ɓarna a Ciki

Magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi cutar daji, irin su ipilimumab da Amurka ta amince da shi a 2011, daga waje suke aiki. Manyan furotin ne, ba sa iya ratsa fatar ƙwayar halitta, sai dai su manne a jikinta su kwance wa ƙwayoyin T na garkuwar jiki takunkumi. Binciken da ya haifar da su ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Sai dai majinyata da yawa ba sa jin maganin, domin akwai ƙarin da garkuwar jiki ko kallonsa ba ta yi.

Shi ya sa masana suka dage sai sun kai furotin har cikin ƙwayar cutar. Ba ƙaramin aiki ba ne. Ko ƙwayar ta haɗiye shi, takan kulle shi cikin wata 'yar jaka mai tsami, ta narkar da shi tun bai taɓuka komai ba.

A 2020 ayarin Shao Feng da Liu Zhibo na birnin Beijing suka wallafa wata dabara a mujallar Nature. Sun ɗaure furotin mai suna gasdermin a jikin ƙananan ƙwayoyin zinare da ido ba ya gani, suka yi wa ɓeraye masu sankarar mama allurarsa. Sannan suka bi da wani sinadari mai taruwa a cikin ƙari, wanda ke tsinke ɗaurin. Da zarar gasdermin ya kuɓuce, sai ya huhhuda fatar ƙwayar daga ciki, ta kumbura ta fashe, kayan cikinta su watsu. Mutuwa ce mai kururuwa, kuma ita ake nema, don kururuwar ce ke kiran garkuwar jiki.

Ƙwayoyin da suka fashe ba su kai kashi 15 cikin ɗari ba, amma ƙarin ya ɓace gaba ɗaya. A ɓerayen da aka raba da ƙwayoyin T kuwa, ƙarin bai ja da baya ba. Ashe gasdermin tayar da faɗan kawai ya yi, jiki ne ya ƙarasa.

Kada dai a yi saurin guɗa, ɓera ba mutum ba ne, kuma gasdermin bai san ƙwaya mai lafiya da mai cuta ba. In ya kwance a inda bai dace ba, kumburi ne zai biyo. A ganina, sakamakon da ya fi kusa da gadon asibiti shi ne wanda aka samu da aka rage yawan allurar: ita kaɗai ba ta kawar da ƙarin ba, amma da aka haɗa ta da maganin toshe PD-1, ɗaya daga cikin masu kwance takunkumin nan, wanda a da ƙarin ba ya ji, sai ya ji.