Daga Dusar Shinkafa Zuwa Ƙamshin Banila: Yadda Ake Sa Ƙwayoyin Halitta Haɗa Turare da Ɗanɗano

Duk wanda ya sayi kek ko yogot ko askirim a shagunan Arkilla da ke Sakkwato ya san ƙamshin nan mai daɗi da ake kira banila. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, da wuya a ce ƙamshin ya fito daga tsiron banila na gaske. Abin da ake samu daga tsiron bai kai kashi 1 cikin 100 na sinadarin da duniya ke sha ba. To sauran daga ina yake fitowa? Amsar ta haɗa da man fetur da katako da yis, har da dusar shinkafar da ake ba awaki.

Mene ne aldihaid?

Aldihaid dangi ne na sinadarai da ke saurin tashi cikin iska, shi ya sa hanci ke kama su nan take. Sinadarin banilin, wanda ke ba banila ƙamshinta, ɗan wannan dangi ne. Haka ma wanda ke cikin kirfa, da wanda ke tashi idan an yanki ɗanyar ciyawa da damina. Turaren Chanel No. 5 da ya fito a 1921 ya yi suna ne saboda yawan aldihaid da aka zuba masa. Amma ba kowane ɗan dangin ne ake ci ba. Ruwan fomalin da ake adana gawa da shi a asibiti shi ma daga wannan gida ya fito, kuma guba ne.

Me ya sa tsiron bai wadatar ba?

Banila tsiro ne mai wahalar noma. Asalinsa Meziko ne, kuma a sauran ƙasashe sai an bi furanninsa ɗaya bayan ɗaya an haɗa musu barbara da hannu. Wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, shi ya gano dabarar a tsibirin Reuniyon a 1841, kuma da ita ake aiki har yau a Madagaska, ƙasar da ta fi kowa noman banila. Bayan girbi sai an shafe watanni ana shanya da ajiya, sannan banilin ɗin da ke cikin busasshen kwanso kusan kashi 2 ne kacal cikin 100. Wato sai an tara kamar kilo 50 kafin a samu kilo 1. Da guguwar Enawo ta afka wa Madagaska a Maris 2017, farashin kilo ya kai wajen dala 600.

Tun 1874 wasu Jamusawa biyu, Tiemann da Haarmann, suka haɗa banilin a ɗakin gwaji. A yau mafi yawansa daga sinadaran man fetur ake yin sa, kaɗan kuma daga katako, kamar yadda kamfanin Borregaard ke yi a Norwe. Yana da arha, amma doka ba ta yarda a rubuta masa cewa na halitta ne ba. Nan ne hanya ta uku ta shigo.

Yadda ƙwayoyin ke aikin

A cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙananan ma'aikata da ake kira enzaim. Kowanne aiki ɗaya ya iya: ya karɓi sinadari, ya sauya masa siffa, ya miƙa wa na gaba. Umarnin ƙera su yana rubuce a cikin DNA, kamar yadda manhaja ke gaya wa waya abin da za ta yi.

Dusar shinkafa tana ɗauke da wani sinadari mai suna ferulik asid, wanda siffarsa ta yi kusa da ta banilin. Ana ciro shi a zuba wa wasu bakteriya a cikin babban tankin ƙarfe, a daidaita zafi da iska, su kuma su datse masa wani sashe ya koma banilin. Daga nan a tace a busar. A baya, kamfanin Solvay ya shafe shekaru yana sayar da irin wannan da sunan Rhovanil Natural. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1334 ta 2008 ta amince a kira shi na halitta, tunda daga tsiro aka faro kuma ƙwayoyin halitta ne suka yi aikin.

Wasu sun ƙara gaba. Kamfanin Evolva na Suwizalan tare da IFF na Amurka sun sanya wa yis sababbin umarni, kamar a ɗora wa waya sabuwar manhaja, ta yadda yake cin sukari yana fitar da banilin. Sun kai shi kasuwa a 2014. A 2021 kuma Joanna Sadler da Stephen Wallace na Jami'ar Edinbura suka nuna cewa bakteriya za ta iya mai da sinadarin da aka samo daga robar ruwan sha zuwa banilin, har kashi 79 cikin 100. Wannan a ɗakin gwaji aka yi shi.

Inda gizo ke saƙar

Aldihaid guba ne ga ƙwayoyin da ke haɗa shi. Da ya fara taruwa sai su yi maza su juya shi zuwa wani sinadarin daban don su tsira, ƙamshin da ake nema ya ɓace. Masana a MIT sun magance wani ɓangare na wannan a 2014, inda suka goge umarnin enzaim ɗin da ke lalata shi daga jikin bakteriya. Masu aiki da yis kuwa sukan sa ya maƙala wa banilin ɗin sukari don ya rage dafi, daga baya a cire.

Ina ruwan Sakkwato?

Fadamun Rima da na Kebbi na cikin manyan wuraren noman shinkafa a Najeriya, ga kuma manyan injinan casa irin WACOT a Argungu da Labana a Birnin Kebbi. Dusar da ke fita galibi abincin dabbobi da kaji ce, alhali a wasu ƙasashe ita ce mafarin kaya mai tsada. Ba aikin bayan ɗaki ba ne: yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da ruwa mai tsabta, da na'urorin gwaji. Amma ilimin na hannun ɗaliban kimiyyar sinadaran halitta irin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma akwai gurbin masu kwamfuta, domin manhaja ce ke lura da zafi da iskar tankunan ta hanyar na'urorin auna yanayi.

Abin lura kafin a saya

Banilin ɗin tanki da na fetur da na tsiro duk sinadari ɗaya ne, jiki ba ya bambance su. Kalmar "na halitta" hanyar haɗawa take nufi, ba ƙarin lafiya ba. Abin da ya fi muhimmanci ga mai yin kek ko mai haɗa humra shi ne ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ya kuma tabbatar kwalbar ta abinci ce. Man ƙamshin da aka yi don sabulu ko turare ba a zuba shi a kwaɓin fulawa, ko da ƙamshinsu ɗaya. Mai saurin ƙaiƙayin fata kuma ya fara gwada sabon turare a ɗan wuri a hannu, domin aldihaid ɗin kirfa na cikin waɗanda aka sani da tayar da borin fata.